Ɗaya Ya Ɓuya

Gusau, farkon Satumba

Zuwa ga ƙanwata Hajjo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Haliru, da surukarki Inna, da Khalid sarkin kuka. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafar nan tawa da ke kumbura duk ranar da na daɗe a tsaye.

Kin ga inda muka koma. An yanke layin waya, an rufe makarantu, ga ni da girmana ina neman takarda da biro kamar 'yar firamare. Ɗanlami direba ya ce shi yanzu iyakarsa Tsafe, ba ya shiga wajenku can bayan Kucheri ko da za a cika masa tanki kyauta. Amma zai riƙa ajiye saƙo wurin Hasana mai fura a tasha. Ki sa a riƙa dubawa.

To, maganar ita ce Muzdalifa. Hajjo, ranar da kika yaye yarinyar nan a cinyata kika ɗora ta. Na san dangantakarmu da ɗan nisa, kakata da kakarki ne suka fito ciki ɗaya, amma ni na yi jinyar ƙyandarta, a ɗakina ta koyi magana. Inna ta aiko a kai mata jikarta ta yi salla, na kai. Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce, shiru. Gidan nan ya yi mini girma, wallahi. Ga kuma abin da muke ji kullum game da dajinku. Ki dawo mini da ita.

Kafin nan ga ƙoƙo da ƙwallayen dabino biyar na aiko, kada kanta ya yi sanyi. Wani abu ne aka koya mana a wata bitar malamai, nake yi da 'yan ƙananan unguwa da na tara a zaure tun da aka rufe makaranta. Ki zuba ƙwallo biyu ko uku a tabarma, ki kife ƙoƙon a kai. Ki ɗaga, ki mayar da sauri, kamar ƙiftawar ido. Sai ki ce, "Nawa?" Kada ki bari ta nuna da yatsa, kada ki bari ta ce ɗaya, biyu, uku. So ake idonta ya gane uku yadda yake gane fuskarki, ba sai ya tsaya duba hanci da baki ba. In ta riƙe uku ki ƙara zuwa huɗu, sannan biyar, ki riƙa sauya musu zama. Yaron da ya iya wannan ba ya wahala da lissafi nan gaba. Da ita na fara gwadawa a gida, har ta fara iyawa kafin ku ƙwace mini ita.

Ki gaida Inna, ko da yake na san ba za ta amsa ba.

Yayarki,
Shafa'atu

*

Ƙauye, Satumba

Yaya Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah. Muna lahiya. Khalid na haƙori, ya hana kowa sakat. Ki riƙa jiƙa ƙahwar nan da ruwan ɗumi, ki kuma rage faɗa, shi ke kumbura ta.

Ɗiyarki na nan ƙalau. Kada ki ce in rubuta sunanta, kin san ɗiyar fari ce, bakina ba ya kama shi, biro ma ba ya kamawa. Da ta ga ƙoƙon sai ta rungume shi tana "Ummata ta Gusau, Ummata ta Gusau," har na ji haushi.

Maganar dawo da ita, na gwada Inna. Ta ce ita ba ta haifi ɗa don ya tara wa mutanen birni zuri'a ba. Maigidan kuwa kin san shi, in uwarshi ta yi magana sai ya hau gyaran fartanya. Ya ce a bari a yi girbi tukuna.

Amma Yaya, wannan wasa naki ya cinye muna gida. Ni na gwada sau ɗaya tuwona ya kama. Maigidan ne ya ɗauke shi. Mutum zai dawo gona jiki duk ƙasa, ko ruwa bai sha ba, sai ka ji shi, "Ina 'yar Baba? Kawo ƙoƙo." Ya ɗaga, ya kife, ita ko kamin ya rufe baki ta faɗa. In ta canka sai ya ce, "Kin ci!" ya ɗaga ta sama. Shi da kanshi in anka zuba biyar a warwatse sai ya ɗan tsaya, ita ba ta tsayawa.

Abin bai tsaya ga ƙoƙo ba. Zabbi sunka wuce, "Huɗu!" Awaki sunka leƙo, "Uku!" Shekaranjiya matan maƙwabta sunka shigo barka da ruwa, ba su ko zauna ba ta ce, "Biyar!" Inna ta zabura ta bige mata baki. Ta ce ba a ƙirga mutane, ba a ƙirga ɗiya, wanda anka faɗi adadinsu baki na kama su, sai ka ga sun ragu. Kin san ita ko ɗiyan da ta haifa ka tambaye ta nawa ne, sai ta ce ma "alhamdu lillahi". Maigidan ya ce, "Inna, ai ba ƙirgawa ta yi ba, gani ta yi." Inna ta ce to idon ma a ja mai kunne.

Batun daji, gaskiya ne. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gabas da mu sun kwashi maza, wai su yi masu girbin gonakinsu can ciki. Mata ba su taɓa su ba wannan karon. Mu dai muna addu'a.

Ƙanwarki,
Hajjo

*

Gusau, ƙarshen Satumba

Hajjo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin takardarki, na karanta ta har ta fara yagewa. Allah Ya fito wa Khalid da haƙoransa lafiya. Ƙafa da sauƙi, faɗa kuwa ban rage ba.

Haba, bige baki? Yarinya ta nuna basira a bige mata baki? Ki faɗa wa Inna cikin ladabi, ni ba zan iya ladabin ba, cewa rai a hannun Allah yake, ba a bakin 'yar shekara biyar ba. Ni kullum sai na ƙirga yaran zaurena safe da rana, ban ga wanda ya narke ba. Ƙaruwa ma suke yi, don kullum sai an kawo mini 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Wasu ko sunansu ba sa faɗa sai sun kwana biyu.

Ki gode mini wa Malam Haliru, ya fi malamai da yawa da na sani. Ki ce masa ga mataki na gaba. Ya nuna mata biyar ɗin duka, ta gani. Sai ta rufe ido, ya kife ƙoƙon a kan wasu, ya bar saura a fili. In ta buɗe ya ce, "Nawa?" Ita kuma ta faɗi na fili, ta faɗi na ɓoye: "Uku, biyu sun ɓuya." "Huɗu, ɗaya ya ɓuya." Daga nan ake gane tarawa da ɗebewa ba tare da an sani ba. Ya riƙa yi har amsar ta zama tana fita da kanta, ba sai ta yi tunani ba.

Girbin nan naku yaushe zai ƙare? An kwashi maza a maƙwabtanku kina rubuta mini kamar labarin farashin gishiri. Ni ban ce ku taso duka ba, na san ba a barin amfanin gona. Yarinya ɗaya na roƙa. Ku kawo ta wurin Hasana, ni zan zo Tsafe da ƙafar tawa in ɗauke ta.

Shafa'atu

*

Ƙauye, Oktoba

Yaya,

Salam. Muna lahiya, haƙori ya fito. A gurguje nake, mai zuwa Tsahe na jira.

Sabon wasan ya fi na da karɓuwa. Maigidan ya gaji da ƙwallo, yanzu da mu yake yi. Ya ce ai mu ma biyar ne a gidan. Sai ya sa ta rufe ido, ya laɓe bayan zana, ko ya ja Khalid su shige ɗakin awaki. Ni kuma an ɗora man aikin tambaya. In ce, "Nawa?" ta ce, "Huɗu, ɗaya ya ɓuya!" ta ruga ta zaƙulo shi. Babban mutum da gemu. Jiya har rumbu ya hau. Inna ta ce ita a fidda ta cikin lissahin, ta tofa, ta shige ɗaki.

Gero ya zo gida, saura dawa. Ya ce da an yanke dawa shi da kanshi zai kawo maki ita. Wannan karon a gaban Inna ya faɗa, ba ta hana ba. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Hajjo

*

Tsafe

Ga ƙoƙonki. Kada ki sake aiko muna da wasa.

Hajjo

*

Gusau, Nuwamba

Hajjo,

Assalamu alaikum, in har sallamar tawa tana da sauran daraja. Ina fata kuna lafiya. Ni ban san lafiyata ba.

Na yi ta zuba ido a yanke dawa. An yanke ta ko'ina, har sabuwa ta shigo kasuwa. Layin waya ya dawo mana nan Gusau, na kira lambar Malam Haliru har na haddace muryar matar nan mai cewa a kashe take. Sai ga Ɗanlami da ƙulli. Na ɗauka kayan yarinya ne suka riga ta isowa, har na yi guɗa a zaure, yara suna kallona. Na kwance, ƙoƙona ne da ƙwallayena, da layi ɗaya ko gaisuwa babu. Na tambaye shi, ya ce Hasana ce ta miƙo masa ta tagar mota, ba ta ce komai ba.

To na gane. Inna ta yi nasara, ke kuma kin bi. Wasa! Abin da na zauna aka koya mini, nake koya wa 'ya'yan mutane suna gode mini, shi ne wasa. In ba za ku ba ni yarinyar ba ku ce ba za ku bayar ba, ba sai an jefo mini kayana kamar wadda aka kora daga aure ba. Na san ban haifa ba, Hajjo, ba sai an tuna mini ta hannun direba ba. Na ɗauka ko duk duniya za ta yi mini haka ban da ke.

Ki riƙe 'yarki. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku kashe mata kai. Yarinyar nan Allah Ya ba ta ido, ku bar ta ta faɗi abin da ta gani.

Shafa'atu

*

Bunguɗu, Disamba

Yaya Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta daɗe wurin Hasana kamin ta samu mai kawo ta nan. Ni na roƙe ta kada ta faɗa ma kowa komi, don ban shirya jin ana maimaita shi ba. Muna Bunguɗu gidan Baba Isah, ƙanen Inna. Khalid lahiya. Inna na kwance. Ni ga ni nan.

Kin ce mu bar ta ta faɗi abin da ta gani. Ta faɗa, Yaya.

Ranar da za a fara yankan dawarmu ne, da hantsi. Maigidan na wasa lauje, munka ji babura. Kowa ya san maza suke nema. Babu lokacin gudu, sai ya haye rumbu. Ɗiyarki na tsaye da ƙoƙonta tana kallonshi. Kamin ya ja murhin ya ɗora yatsa ga baki, kamar yadda yake yi mata kullum. Na ga ta toshe baki tana dariya. Na gani da idona, amma hankalina na ga ƙohwa.

Su uku sunka shigo. Sunka tsaida mu tsakar gida, ni da Khalid a baya, da Inna, da ita. Sunka duba ɗakuna, sunka ɗauki waya da bargo. Babban ya ce ina mai gidan. Na ce ya tahi Tsahe tun jiya. Inna ta rantse mashi, tsohuwar da ban taɓa jin ta rantse kan ƙarya ba. Ya yarda. Wallahi ya yarda, biyu har sun fita, shi ma ya kai bakin zaure. Sai ya waiwayo, kamar mai neman abin faɗa, ya ce, "Ku nawa ne a gidan?"

Ni ban amsa ba, Inna ba ta amsa ba. Wa ke amsa wannan tambaya? Sai na ji muryarta, da ƙarhi, da murna, yadda take yi in ta san ta ci: "Huɗu, ɗaya ya ɓuya!" Ta ruga ta dafa rumbu.

Ba su buge shi a gabanmu ba, wannan na gode Allah. Ya sauko da kanshi. Suna ɗaure mai hannu ita tana tsalle tana jira ya ɗaga ta. Ya dube ta ya ce, "Kin ci, 'yar Baba. Je ki wurin Inna." Sai da ta ga sun ɗora shi kan babur sannan dariyar ta tsaya.

Ban san sadda hannuna ya tashi ba. Na mare ta, Yaya, mari ɗaya, ta faɗi. Ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar ba ta sake cewa komi ba, ko "ruwa". Tana ci in an ba ta, tana bin mutum da ido, shi ke nan.

Washegari garin duka ya watse. Tun daga gida har Tsahe a ƙasa, ƙoƙon nan na rungume a ƙirjinta. A tasha na fizge shi, na rubuta maki abin da kinka gani. Ba raini ba ne. Abin da hannuna ya iya ke nan. Motarmu ta ratsa ta Gusau, na hangi kwanar unguwarku, na sunkuyar da kai.

Inna ta ce bakin ne ya kama mu, an faɗi adadinmu mun ragu, kamar yadda ta sha faɗi. Ba ta kallon yarinyar. In ta shigo ɗaki sai ta juya ga bango. Ta ce kuma kada ki taka gidan nan. Wani lokaci in ce laihinki ne, wani lokaci in ce nashi ne da ya maida abin ɓuya, wani lokaci in tuna ni ce mai tambaya kullum.

Babu labarinshi har yanzu.

Abin da nake so in tambaye ki, ke da anka koya maki. Idonta bai daina ba. In mutane sunka shigo ina ganin idon na yin abin nan, leɓenta ya motsa, sai ta cije shi har ya yi jini. A bitar taku ba a koya maku yadda ake cire shi ba? Ke kinka sa mata, ki faɗa man yadda za ta daina gani.

Hajjo

*

Gusau, Disamba

Hajjo, ƙanwata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kuɓutar da Malam Haliru, Ya ba Inna lafiya.

Ina gama karantawa na hau mota. Baba Isah ya tare ni a zaure, ya ba ni ruwa, ya ce in yi wa Allah in koma, tsohuwa ba za ta ɗauka ba. Na ji kukan Khalid daga ciki. Na koma. Baba Isah ne zai kawo miki wannan.

Takardar da na rubuta miki, ki ƙona ta. Kullum ina zaune da 'ya'yan waɗanda aka kora daga gidajensu, amma da na ga ƙoƙo ya dawo babu abin da ya zo mini sai kaina. Kunya ta ishe ni.

Tambayarki kuwa, na kwana da ita na tashi da ita. Babu, Hajjo. Ba a koya mana ba, kuma ba na jin akwai. Wanda ya iya gane fuska ba a mayar da shi ya kasa. Ni na ce a yi ta yi har amsar ta riƙa fita ba tunani, kuma haka ta fita. Ba zan ce miki ban da hannu ba. Amma ita ba ta da laifi ko na ƙwayar gero, babanta ta gani yana wasa, ta yi masa abin da yake so.

Ba zan sake roƙon a ba ni ita ba, bakina ya mutu a wannan. Sai dai ɗakin da ake juya mata baya ba wurin zamanta ba ne. Ki duba.

Shafa'atu

*

Bunguɗu, Janairu

Yaya,

Salam. Na shiga takaba.

Attahiru maƙwabcinmu, wanda anka tahi da su tare, ya kuɓuto. Ya ce sun yi ta yankan dawa can ciki, ba abinci sai abin da ba a rasa ba. Zazzaɓi ya kama maigidan, ya kwana biyu yana yi, Allah Ya karɓi abinshi. Su da anka kama tare sunka yi mai sutura da abin da ke jikinshi. Ya ce maigidan har ya daina gane mutane yana maimaita saƙo ɗaya: a faɗa ma yarinyar daidai ta faɗa, ba ta yi kuskure ba, kada kowa ya taɓa ta.

Na riga na taɓa ta. Saƙon kuma na kasa isarwa, in na buɗe baki sai ya rufe. Ba mu faɗa mata rasuwar ba. Inna da ta ji, ta ce a ɗauke yarinyar daga gabanta kamin ta faɗi abin da za ta yi nadama. Baba Isah zai kawo maki ita gobe. Kayanta ba yawa. Ba ta son a rufe ƙohwa, ba ta son ƙarar babur.

Kin daɗe kina roƙo, ga ta nan. Ki riƙe man Muzdalifa. Na rubuta sunan, kin gani. Ki isar mata da saƙon babanta in kin ga lokaci ya yi, ke kin fi ni baki.

Hajjo

*

Gusau, Fabrairu

Hajjo,

Assalamu alaikum. Allah Ya jiƙan Malam Haliru, Ya sa ya huta, Ya ba ki haƙurin takaba. Yaya jikin Inna? Ki shafa mini kan Khalid. Ƙafata ta sake kumbura, ban damu da ita ba.

Muzdalifa tana ci, tana barci, ta ɗan yi kumari. Na bari sai da na sami abin faɗa kafin in rubuto.

Kafin ta iso na jefa ƙoƙon nan can saman kwaba, na daina wasan a zaure gaba ɗaya. Yara suna tambaya, na ce ya ɓace. Ashe wahalar banza na yi. Kwana kaɗan da zuwanta na fito da safe na tarar ta tsinto tsakuwa ta jera huɗu a gindin bangon ɗakina, ta kife ƙaramin kwanon shanta a gefe. Ba sai an faɗa mini abin da ke ƙarƙashi ba. Tana zaune kusa da shi tana gadi. Ranar da tsintsiyata ta taɓa kwanon, ƙarar da yarinyar ta yi har maƙwabta suka leƙo. Yanzu zagaye shi nake yi in ina shara, na kuma saya mata wani kwanon sha.

Ban taɓa tambayarta komai ba. Kalmar nan ta "nawa" na hana kowa faɗinta a gidan nan, ko mai kayan miya ya zo sai dai a fita waje a yi ciniki.

Ranar Talata mai ruwa ya shigo da jarkoki, baƙo ne, ba wanda ya saba kawo mana ba. Dogo, da rawani ya rufe rabin fuska. Ya yi sallama ya tsaya a tsakar gida. Sai na ga ta miƙe, ta je ta tsaya tsakaninsa da kwanon. Ta ɗaga kai ta dube shi. Hajjo, ta yi magana. Muryar ta dushe, amma na ji kowace kalma.

Ta ce, "Huɗu ne. Babu wanda ya ɓuya."

Bawan Allah bai gane ba, ya yi dariya ya juye ruwansa ya tafi. Ita kuwa ba ta motsa ba sai da ta ji ƙarar kurarsa ta yi nisa. Sannan ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi mini da can in ta ba da amsa tana jira in ce ta ci ko ba ta ci ba.

Shekarata nawa ina koyarwa, ban taɓa barin yaro ya tashi da amsar da ba daidai ba. Ga kuma saƙon babanta a bakina, na mamaci, amana. Na san in na ce mata daidai ta faɗa ranar da aka kama shi, to na ce mata wannan ta yau ba daidai ba ce, kuma ita kaɗai ta rage mata. Na durƙusa na ce, "Haka ne, Muzdalifa. Huɗu ne. Kin ci."

Ta koma ta zauna kusa da kwanon, ta ɗora hannu a kai. Tun ranar takan ce "ruwa", takan ce "Umma". Jiya da za ta kwanta ta tambaye ni ko yanzu zai iya fitowa, tunda sun tafi. Na ce ta bari tukuna.

Saƙon yana wurina, ban isar ba, Allah Ya yafe mini. In kin fita takaba ki zo mu faɗa mata tare, ni kaɗai ba zan iya ɗaga kwanon nan ba.

Yayarki,
Shafa'atu